Ruwa Kafin Tsumma: Yadda Ake Ceto Fentin Mota Idan Man Birki Ya Zuba

Wata Asabar da hantsi na kai tsohuwar Corolla ɗina gareji a canza mata birkin gaba. Aikin bai wuce na awa ɗaya ba. Da aka gama, yaron shagon ya ɗauko robar man birki ya ƙara a tukunya, ya ɗora robar a kan fenda don ya samu hannun rufe murfi, sai ogansa ya ƙwala masa kira ya miƙo sifana. Robar ta zauna nan cikin rana, mu kuwa muna gindin darbejiya muna hira. Da na tashi tafiya na ɗaga ta, sai ga zobe a kan fentin, kamar sawun kofin shayi a kan tebur.

Yaron ya rugo, ya zaro tsumman da ke aljihun bayansa, ya shiga dirza.

"Alhaji, ai mai ne kawai, yanzu zai fita," in ji shi.

Ogan ya hango daga nesa. "Kai! Wa ya ce ka goge? Kawo buta!"

Kafin buta ta iso aikin gama ya gama. Zoben da bai fi faɗin gindin roba ba ya zama faci kamar tafin hannu, ga sawun yashin da ke jikin tsumman ya zana layi-layi a cikin fentin da ya yi laushi. Da an bar tsumma an fara da ruwa, da bafin kaɗai ya isa. A maimakon haka sai da aka fesa fendar gaba ɗaya.

Daga ranar na riƙe abu biyu, kuma su ne ƙashin bayan wannan jagora. Na farko, maganin man birki ruwa ne, kuma da gaggawa. Na biyu, bayan an wanke, gaggawa ta ƙare; zurfin ɓarnar ne zai faɗi irin gyaran da za a yi, ba zafin zuciyar mai mota ba.

Me ya sa wannan man yake cin fenti?

Sunansa mai, amma ba dangin baƙin mai ko man giya ba ne. Waɗannan daga ɗanyen man fetur ake samo su. Idan suka zuba a fenti ƙazanta kawai suke yi, a wanke su tafi. Man birkin da ke yawancin motocinmu, wato wanda aka rubuta wa DOT 3, DOT 4 ko DOT 5.1, an haɗa shi ne da sinadaran gilaikol, kuma dangin waɗannan sinadaran ne ake zubawa a cikin fenti da wasu magungunan wanke-wanke don su narkar da abubuwa. Ke nan idan ya zuba a jikin mota, aikinsa na asali yake yi.

Haruffan DOT daga Ma'aikatar Sufuri ta Amurka suka fito, domin ita ta tsara ma'aunin. Abin da lambobin suke nunawa shi ne zafin da man zai jure kafin ya tafasa: sabon DOT 3 aƙalla digiri 205 a ma'aunin Salshiyos, DOT 4 digiri 230, DOT 5.1 digiri 260. Wannan juriya ita ce alherinsa a cikin birki, ita ce kuma sharrinsa a kan fenti. Fetur ko tina idan suka zuba, nan da nan iska ta kwashe su. Man birki ba ya bushewa. Zai zauna daram yana ratsa fentin a hankali, zafin rana kuma yana ƙara masa azama.

Amma yana da lago. Gilaikol yana son ruwa, har daga iska yake zuƙarsa, shi ya sa kamfanoni da yawa suke cewa a canza man birki duk shekara biyu. Da zarar ruwa mai yawa ya same shi sai ya narke a ciki, ƙarfinsa ya karye, ya bi ruwan ya tafi.

Akwai DOT 5, mai launin shunayya, wanda aka yi da silikon. Shi ba ya cin fenti. Kada wannan ya ruɗe ka ka ce za ka koma masa: ba ya haɗuwa da sauran, kuma ba a sa shi a yawancin motoci masu ABS. Abin da aka rubuta a murfin tukunyar motarka shi za ka bi.

Sanin hawa-hawan fenti

Abin da ido ke gani launi ɗaya, hawa huɗu ne. A jikin ƙarfe akwai shafen hana tsatsa wanda ake tsoma gangar motar a ciki tun a masana'anta. A kansa akwai firaima, mai toka-toka, wadda take daidaita fuska ta kuma riƙe launi. Sai launin kansa. Daga sama sai kiliya, wato shafe mai garai-garai da ke ba da sheƙi, yake kuma kare launi daga rana.

Duka huɗun idan aka haɗa, kaurinsu yawanci tsakanin maikiron 100 ne zuwa 180, shi kuwa maikiron shi ne milimita ɗaya a raba gida dubu. Kiliya kaɗai ba ta cika wuce maikiron 35 zuwa 50 ba, wato ba ta kai kaurin silin gashin kai ba. Duk gyaran da za ka yi da samfefa ko bafin, daga cikin wannan ɗan jarin kake ci.

Ba kowane fenti ne yake da juriya ɗaya ba. Na masana'anta ana gasa shi a zafin da ya kai kimanin digiri 140, saboda haka yana da tauri, yana ba ka ɗan lokaci. Wanda aka sake fesawa a gareji ya bushe da iska bai kai shi ba. Tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 da aka haɗa a Kaduna, da wasu fararen motoci ko na yanzu, fentinsu hawa ɗaya ne da launi da sheƙi a haɗe, babu kiliya daban. Idan kana son ka gane naka, shafa ɗan folish a ƙyallen da launinsa ya bambanta da na motar ka goga a wani lungu. In launin motar ya fito a ƙyallen, babu kiliya. In bai fito ba, akwai.

Mintunan farko

Idan ka ga man ya zuba, kada ka tsaya neman wanda ya yi laifi. Za a yi wannan shari'ar daga baya.

Kwarara ruwa. Buta, bokiti, jarka, ledar fiya wata, duk abin da hannunka ya kai. Zuba daga sama ka bar ruwan ya kwashe man ya gangara ƙasa, ka ci gaba da zubawa har ka ga kamar ka yi ɓarnar ruwa. Bi duk hanyar da man ya bi: bakin bonet, tsagin da ke tsakanin fenda da ƙofa, bayan fitila, saman bamba, har rim ɗin taya. Wanda ya maƙale a tsagi shi ne yake fitowa daga baya ya yi ɓarna a ɓoye.

In babu ruwa a kusa ko kaɗan, ɗauki tishu ko tsumma mai tsabta ka ɗora a kan man ya tsotse, ka ɗaga, ka sake ɗora wani wurin mai tsabta. Dangwalawa ake yi, ba gogewa ba. Gogewa tana yaɗa man zuwa inda bai kai ba, tana kuma tura ƙura cikin fentin da ya riga ya yi taushi.

Bayan kwarara sai wanki da sabulun ruwa, na mota ko na wanke-wanke, da soso mai laushi, ba tare da dannawa ba. A ɗauraye, a sake, sau biyu ko uku. Sannan a matsar da motar inuwa.

Abubuwa uku kada su kusanci wurin: fetur, kananzir da tina. Fetur da kananzir ba sa narkar da gilaikol yadda ruwa yake yi, sai dai su ƙara jagwalgwala wurin. Tina kuwa za ta ƙarasa abin da man birki ya fara. Haka nan kada ka sa farce ka gwada ko fentin ya yi laushi. In ya yi, sawun farcen zai zauna.

Ka kula da kanka ma. Wanke hannu da sabulu, in ya fantsama a ido a wanke da ruwa mai yawa a nufi asibiti. Guba ne idan aka sha, don haka kada a taɓa juye ragowarsa a robar lemo a ajiye inda yara suke.

Daga ina ya fito?

Kafin maganar fenti, a tabbatar da mafarin man. In roba ce ta kife, shi ke nan. Amma idan ka buɗe bonet ka ga fenti ya yi ta ɓawo a ƙarƙashin masta, wato inda tukunyar man take zaune, ko ka ga cikin rim ɗaya kullum a jiƙe fentinsa yana tashi, ko ka ga danshi a jikin fedar kuloci daga ciki, to yoyo ne. Wannan ya wuce batun ado, ya zama batun rai. A gyara masta, tiyo ko kalifar da ke yoyo tukuna. Fesa sabon fenti a ƙarƙashin abin da ke ɗiga zuba ruwa ne a rariya.

Haƙurin kwana uku, sannan a duba

Fentin da ya sha man birki yakan kumbura ya yi laushi. Idan aka wanke shi sosai aka ƙyale shi kwana biyu ko uku, sau da yawa kumburin yana saɓewa, ya sake yin tauri, ɓarnar ta ragu fiye da yadda ta bayyana a ranar farko. Wanda ya kai samfefa kan fenti mai laushi gyaran gangar Abzinawa zai yi.

Bayan kwanakin, a wanke wurin, a goge da sifirit da aka surka da ruwa rabi da rabi, a fito da motar hasken safiya ko na yamma a duba ta gefe. Gwaji biyu za su gaya maka gaskiya. Jiƙa wurin da ruwa: idan tabon ya ɓace yana jiƙe ya dawo bayan ya bushe, a saman kiliya yake. Sannan ja farce a hankali ka tsallaka tabon: idan ya wuce sumul, ɓarnar ba ta yi zurfi ba, idan ya sarƙe, ta nutsa.

Abin da za ka gani ɗaya ne cikin uku. Ko dai sheƙi ya dusashe, fuska tana nan sumul. Ko kuma akwai sawu mai ɗan gefe, kamar inda ɗigo ya gangara, amma launi bai canza ba. Ko kuwa fentin ya yamutse kamar fatar tsohuwa, ya yi ƙuraje, ya fara ɓarewa har ana ganin toka-tokar firaima ko farin ƙarfe. Kowanne da maganinsa.

Idan dusashewa ce kawai

Wannan aikin gida ne. Kana bukatar man bafin mai ɗan kaifi wanda masu fenti ke kira kwamfawun, da folish mai laushi, da kakin mota, da ƙyalle mai laushi guda uku ko huɗu.

A inuwa ake yi, jikin mota da sanyi. Ɗiga kwamfawun kamar ƙwayar gyaɗa a ƙyalle, ka goga a wurin da bai fi faɗin tafin hannu biyu ba, gaba da baya, sannan ka gicciya. Bayan minti ɗaya ka share ka duba. In tabon yana raguwa ka maimaita. Da ya ɓace ka tsaya, ko da hannunka yana ƙaiƙayin ƙarawa. Sai folish ya share hazon da kwamfawun ya bari, kaki kuma ya rufe.

In da injin bafin za a yi, a sa shi a ƙaramin gudu, tsakanin juyi 1,000 da 1,500 a minti, kuma kada ya tsaya wuri ɗaya. Ka riƙa taɓa wurin da bayan hannu. In ya yi zafin da ba za ka iya barin hannunka ba, a dakata ya huce. A gefuna da kan layukan lanƙwasa fenti ya fi siriri, nan ne inji yake ƙonawa cikin ƙiftawar ido. A manna musu salatif ɗin takarda kafin a fara.

Idan akwai sawu mai gefe

A nan sai an sauke kiliyar da ke kewaye ta daidaita da ƙasan sawun, kuma da samfefar ruwa ake yi. Lambar da ke bayan samfefa tana nuna laushinta: ƙaramar lamba mai kaushi ce, babba mai laushi. A wannan aikin 2000 da 3000 ake so. 1500 sai in sawun ya yi taurin kai.

Jiƙa samfefar a ruwa mai ɗan sabulu kamar minti goma sha biyar. Naɗa ta a jikin wani abu mai shafaffen ciki, kamar guntun roba mai tauri ko magogin fensir babba. Kada ka yi da yatsa tsirara, domin yatsa rami yake haƙawa. Goga da sauƙi, nauyin hannu kawai, sau takwas ko goma, ruwa yana bi. Share, busar, duba. Wurin da samfefa ta taɓa zai yi dishi-dishi, ramin sawun kuma zai rage yana sheƙi. Manufa ita ce wannan sheƙin ya ƙanƙance har ya kusa ɓacewa.

Idonka ya kasance a kan ruwan da ke gangarowa. Muddin fari ne kamar tsararren nono, kiliya kake ci. Da ka ga launin motar a ciki, ka huda. Ajiye samfefa, aikin ya koma na feshi. Masu sana'ar suna da ƙa'ida cewa kada a ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin kiliya, domin wadda aka sirantar da yawa rana za ta ƙarasa ta, bayan shekara ɗaya ko biyu ta fara ɓarewa kamar saɓar maciji. Ɗan sawun da sai an sunkuya ake gani ya fi hujin da kowa zai hango daga tsallaken titi.

Bayan 2000 a bi da 3000, sannan kwamfawun, folish da kaki kamar yadda aka faɗa.

In ɗigo ɗaya ne ya ci har ƙasa, bai fi ƙwayar wake ba, ana iya cike shi ba tare da feshi ba. A kankare abin da ya yi laushi, a wanke, a ɗiga firaima da tsinken sakace in ƙarfe ya fito, sannan launi siriri-siriri sau biyu ko uku, kowanne ya bushe kafin na gaba, sai kiliya ta ɗan tudu sama da kewaye. Bayan mako ɗaya a daidaita tudun da 2000 a yi bafin. Ba zai ɓace sarai ba, amma ya toshe wa tsatsa hanya.

Idan ya yamutse ko ya ɓare

Fentin da ya yamutse ya mutu. Babu man da zai tashe shi, duk wanda ya ce maka yana da irin wannan man kuɗinka yake so. Sai an cire an sake. Ko da ba kai za ka riƙe bindigar feshi ba, sanin matakan zai sa ka gane mai aiki daga mai rufa-rufa.

A fara da neman lambar launi. A Toyota tana jikin takardar da ke ginshiƙin ƙofar direba, bayan haruffan C/TR, lamba uku: 040 fari ne, 202 baƙi, 1F7 ruwan azurfa. Honda ma a ginshiƙin ƙofa take sa tata, baƙaƙe da farare da masu ruwan toka yawanci suna farawa da NH. A Volkswagen Golf a duba cikin but kusa da safaya taya, ko shafin farko na littafin sabis. Da wannan lambar za a je wurin masu haɗa fenti. Amma lamba ta san launin motar ranar da ta fito daga masana'anta ne, ba ta san shekarun da ta yi tana shan ranar Sakkwato ko Maiduguri ba. Don haka a cire murfin tankin mai a tafi da shi, mai haɗawa ya gwada da ido. In kuma an taɓa sake wa motar fenti, murfin ne kaɗai abin dogaro.

Sai cire mataccen fenti. A kankare duk abin da ya yi laushi, a wanke da ruwa da sabulu tun kafin samfefa ta taɓa wurin, domin samfefa tana iya tura ragowar man cikin hawan da ke ƙasa. Wannan wankin shi ne matakin da aka fi tsallakewa, shi ne kuma wanda ya fi ramuwa: gilaikol ɗin da ya rage a ƙarƙashin sabon fenti zai taso da ƙuraje bayan 'yan makonni. Ruwa da sabulu tukuna, a busar, sannan maganin cire maiƙo.

A ci wurin da samfefa 180 har a kai hawa mai lafiya, a wuce iyakar ɓarnar da kamar faɗin yatsu biyu ko uku, domin man yana ratsawa ta ƙarƙashi fiye da inda ido ya gani. A kwantar da gefen da 320 har ya zama idan ka rufe ido ka shafa ba za ka ji inda tsohon fenti ya fara ba. In akwai tsatsa a ci ta har ƙarfe ya yi fari tas.

Man birki ba ya lotsa ƙarfe. Saboda haka idan ka ga mai fenti ya ɗauko gwangwanin fila zai laɓta a wurin da babu lotsawa, tambaye shi dalili. Sau da yawa gajeriyar hanya ce ta cike gefen da ya ƙi zama ya kwantar, kuma fila mai kauri ita ce take tsagewa idan bazara ta yi bazara.

Ƙarfen da ya fito tsirara kada ya kwana a buɗe, musamman da damina. A fesa masa firaimar da ke kama ƙarfe, sannan firaima mai cikewa hawa biyu ko uku. In ta bushe sosai, a yayyafa mata baƙin fenti sama-sama a bi da samfefa 400 zuwa 500 a bushe, ko 800 da ruwa, a kan katako mai shafaffen ciki. Duk inda baƙin ya maƙale, akwai rami. Sauran fuskar fendar kuma a dusashe ta da 800 ko 1000 don sabuwar kiliya ta samu abin kamawa.

A rufe gilashi, fitila, taya da maƙwabtan ɓangarori da takarda da salatif. A goge da maganin cire maiƙo, a bi da ƙyalle mai kama ƙura. Kafin a fesa a mota, a gwada launin a guntun ƙarfe, a sa masa kiliya, a kara shi da jikin motar a hasken rana.

Bindigar feshi tana tafiya ne da tazarar santimita 15 zuwa 20 daga jiki, a miƙe, kowane layi yana hawa rabin wanda ya gabace shi. Launi hawa biyu ko uku, ana ba kowanne minti goma zuwa sha biyar har sheƙinsa ya kwanta. Kowane hawa ya ɗan zarce na baya faɗi, yadda sabon launi zai saje cikin tsohon ba tare da iyaka ba. Ruwan azurfa da sauran masu ƙyalƙyali su ne masu gardama. Sau da yawa sai an shigar da launin cikin ƙofar da ke maƙwabtaka kafin ido ya yarda. Kiliya kuwa a bi da ita fendar gaba ɗaya daga gefe zuwa gefe, hawa biyu. Kiliyar da aka tsayar a tsakiyar fuska iyakarta tana fitowa daga baya.

Haɗin kiliya da hadna, wato maganin da ke sa ta yi tauri, a bi abin da ke jikin gwangwani. Da yawa biyu-da-ɗaya ne, amma ba duka ba, kuma da kofin awo ake yi, ba da ƙiyasi ba. Hadna tana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda yake jawo asma da ciwon huhu. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare shi, kuma madarar da wasu ke sha bayan feshi ba ta wanke huhu. A nemi takunkumin da aka yi don feshi, a yi aiki inda iska ke fita, yaran shago da 'yan kallo su matsa nesa.

Yanayi ma abokin shawara ne. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba: a yayyafa ruwa a ƙasa, a kewaye wurin, a yi feshin da hantsi kafin iska ta tashi. Da bazara kada a fesa a kan ƙarfen da ya sha rana, domin fentin zai bushe kafin ya kwanta, ya fito gurji-gurji kamar ɓawon lemo. Da damina kuma a zubar da ruwan da ke taruwa a tankin kwamfaresa kafin a fara, in ba haka ba shi zai biyo iska ya zauna a cikin fentin.

In ɓarnar a bamba take, a tuna roba ce: tana bukatar firaimarta ta musamman, in ba haka ba fentin zai saɓule. Baƙar robar da ba ta da fenti takan yi fari-fari. Wanki da man gyaran roba suna rage shi.

Bayan feshi

Sabon fenti yana bushewa a taɓa cikin awanni, amma yana ɗaukar makonni kafin ya gama ƙwari. A bar shi kwana biyu ko uku kafin a cire 'yan ƙurar da suka faɗa da 2000 a yi bafin. A makonnin farko a wanke da ruwa da soso mai laushi kawai, ban da omo, ban da rufe motar da tamfol. Kaki sai bayan wata ɗaya zuwa uku, gwargwadon abin da mai fentin ya rubuta a gwangwani.

Don kada a maimaita

Yawancin zubar man birki a wuri uku take faruwa. Na farko wajen ƙari: a shimfiɗa jiƙaƙƙen tawul a kan fenda, a yi amfani da mazurari, robar kuma a ƙasa ake ajiye ta. Na biyu wajen cire iska: a sa siririn tiyo a bakin nonon kalifa ya zuba cikin kwalba, kada a bar man yana tsartuwa a kan rim. Na uku shi ne wanda mutane ba su cika lura da shi ba. Yayin da birki yake cinyewa, man da ke tukunya yana sauka, domin fistin ɗin kalifa yana ƙara fitowa. Mai mota ya ga ya sauka sai ya cika. Ranar da aka zo sa sabon birki aka tura fistin baya, duk man nan sai ya dawo sama ya yi ambaliya a ƙarƙashin bonet, ya gangara inda ba a gani. Maganinsa a zuƙe kaɗan da sirinji kafin a tura fistin. Hannun da ya taɓa man kuma a wanke shi kafin ya dafa ƙofa ko bonet. Sawun yatsu biyar a kan fenti ba ya bukatar mai shaida.

Har yanzu garejin nan nake kai motata, yaron kuwa yanzu shi ke riƙe da nasa yaran. Kwanaki na je canza mai, na ga wani sabon almajirinsa ya nufi wata Golf da robar man birki a hannu. Kafin ya kai ga bonet ogan nasa ya tsayar da shi.

"Ina butarka?"

Yaron ya koma ya ciko ta, ya ajiye a gefen taya, sannan aka bar shi ya buɗe murfi.